Shayi a Gaban Suruki

A gidanmu na Talata Mafara shayi yana da lokacinsa, kuma lokacin shi ne bayan sallar la'asar, idan mahaifina ya rufe littafi. Malami ne mai karantar da manya a zaure: 'yan kasuwa, da maɗinka, da wasu limaman unguwanni. Da zarar mai karatu na ƙarshe ya shafa fatiha, sai ya janyo kurfoti gabansa, ya jera gawayi da hannunsa, ya ɗora wata 'yar buta shuɗiya wadda gindinta ya daɗe da yin baƙi. Ban taɓa ganin ya bar wa wani wannan aikin ba.

Shayin nan gado ne. Kakana na wajen uba da ƙafa ya tafi aikin hajji, ya yi shekaru a hanya, har ya zauna a ƙasar Sudan yana noma yana karatu kafin ya ƙetare teku. Da ya dawo, ban da littattafai, abin da ya zo da shi buta ce da ƙananan finjalai na gilashi, da ladubban da ke tafiya tare da su. A wancan zamani, in ji mahaifina, mutanen gari ba su san shayi ba sai a hannun Buzaye masu kawo kanwa, kuma kallon magani suke yi masa.

Ladubban ba su da wuyar riƙewa. A zaune ake sha, da hannun dama, bayan bisimilla. Komai zafinsa ba a hura shi da baki. Mutum ya riƙe finjali da yatsu biyu, ya jira. Daga dama ake fara miƙawa. Baƙo ba ya neman a ƙara masa sukari. Sau uku ake zubawa, na fari da ɗaci, na biyu da na'a-na'a, na uku da kanumfari da ɗan zaƙi. Akwai kuma abu biyu da mahaifina ya fi riƙewa da ƙarfi. Na ɗaya, mai haɗa shayi shi ke fara ɗanɗanawa, a gaban kowa, domin ya san inda sukari ya tsaya, kuma domin baƙo ya ga ba a ba shi abin da mai gida ba ya sha ba. Na biyu, ba a shan shayi a kaɗaice. Wanda ya shige ɗaki ya sha shi kaɗai, a wurin mahaifina, magani ya sha.

Shekarun da aka yi ana gina madatsar Bakolori sun cika garinmu da baƙi. Katafiloli da tifofi suna wucewa tun da sassafe. Leburori sun zo daga ko'ina, da direbobi, da ma'aikatan gwamnati 'yan kudu waɗanda suka kama hayar gidaje a bakin titi. Masu shayi suka yawaita a tasha, kowa da teburinsa, ya jera gwangwanayen madara da burodi, yana shiƙa shayi daga kofi zuwa kofi don ya huce. Mutum ya sha a tsaye, ƙafa ɗaya a kan benci, ya dire kofi ya ruga ya kama mota. Wani maƙwabcinmu Kirista, akawu a ofishin aikin ruwa, ya taɓa gayyatar mahaifina gidansa. Aka kawo masa shayi a kofi mai hannu a kan ɗan faranti, da ƙaramin cokali, da sukari a gefe. Ya dawo yana yaba mutuncin mutumin ƙwarai, sai dai ya ce bai gane dalilin barin baƙo ya zuba wa kansa sukari ba, domin wannan aikin mai gida ne.

Ni kuwa a lokacin ina gab da shiga ajin ƙarshe a makarantar sakandare ta kwana, inda aka koya mana zama a tebur da riƙe cokali mai yatsu a hannun hagu, abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba. A gida tuwo a akushi yake zuwa. Kowa ya ci gabansa, ƙarami ba ya fara sa hannu, ba ya taɓa nama sai an miƙa masa, babba kuma ya rage wa na baya. Akwai ma waɗanda ba sa ci ba sa sha a gaban juna ko kaɗan, kuma a kan gaba cikinsu akwai mutum da surukinsa.

Kakana na wajen uwa manomi ne a wani ƙauye na gefen gulbi, gaba da Tsibiri, cikin ƙasar Maradun. Ƙauyensu yana cikin waɗanda ruwan madatsa zai cinye, saboda haka aka tashe su, aka nuna musu sabon wurin zama a kan wani tudu mai tsakuwa. Kakata ta riga ta rasu, 'ya'yansa maza kuma ba su rayu ba. Ga tsufa, ga wani tari da ke kama shi duk damina. Mahaifina da kansa ya ɗauki mota ya je ya taho da shi, ya sauke shi a ɗakin baƙi da ke jikin zaure. Wata biyu bayan haka na zo dogon hutu.

Na same shi a ƙofar ɗakinsa yana gyaran ƙotar hauya, ko da yake ba shi da gonar da zai kai ta. Na durƙusa na gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya amsa duka, sa'an nan ya ɗago ya dube ni daga kai har ƙafa.

"Wanga wa? Ɗan boko? Abincin makaranta ba ya kama jiki, ko kuwa cokalin na ke zubar da rabi?"

"Kaka, kai hwa da ke cin tuwon ɗiyarka sau biyu a yini, ina ƙibar taka?"

"Ni tsuhwa ta cinye tawa. Kai kau rowa ta cinye taka. Mi ka kawo mani?"

Haka muke da shi tun ina ƙarami, kamar kowane kaka da jikansa. Na ba shi goro, ya ce ƙanana ne, ya zuba a aljihu.

Da la'asar na shiga zaure. Mahaifina ya shimfiɗa wa kaka buzu a hannun damansa, wurin da ake ajiye babban baƙo. Kaka bai yi karatu mai zurfi ba, amma yana zaune shiru yana sauraron fassara, yana gyaɗa kai. Aka gama, aka hura gawayi, buta ta tafasa. Mahaifina ya fasa dunƙulen sukari ya jefa, ya zuba ya mayar, ya zuba ya mayar, har kumfa ya tashi. Ina jiran in ga ya kai finjali baki kamar kullum, sai na ga ya jera finjalai ya cika su, ya miƙa wa kaka da hannu biyu. Bai ɗanɗana ba, kuma bai zuba wa kansa ba.

Na kurɓa, na ji ɗaci har cikin kunne. Na biyu kuwa sukari ya yi masa yawa, kamar na yara. Wani maɗinki da na san yana son shayi kamar ransa ya ce a gafarta masa, yana da ɗinkin da za a karɓa, ya tashi. Wasu biyu suka bi shi. Zauren da na saba gani cike, ranar mutum huɗu ne suka kai ga na uku.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, don haka ba ta kiran sunana, kuma ba ta saba doguwar magana da ni ba. Na same ta tana tankaɗe, na tambaye ta ko Malam ba shi da lafiya.

"Lahiyarsa lau," ta ce, ba ta ɗago ba. "Sai ciwon kai da ke kama shi kullum da marece."

"To mi ya hana shi shan shayi?"

"Kai da anka kai makaranta, wanga ma sai an hwaɗa maka? A gaban Baba za ya sha?"

"Ba sai a kai masa ɗaki ba?"

"Na kai. Sau biyu ina kaiwa, sau biyu yana hucewa inda na aje shi."

Nan na gane dukan al'amarin. Mahaifina ba zai iya barin surukinsa shi kaɗai a ɗaki ana hira a zaure ba. Ba zai iya sha a gabansa ba, kuma ba zai sha a ɓoye ba. Ɗalibansa su ma nauyi suke ji su sha malaminsu yana zaune hannu wofi, shi ya sa suke sulalewa zuwa teburan tasha. Kaka kuwa mutumin fura ne, bai san ka'idar shayi ba. Ya san suruki ba ya sha a gabansa, wannan daidai ne a wurinsa, amma ya ɗauka Malam yana shan nasa a cikin gida daga baya, kamar yadda yake cin tuwo. Mahaifiyata ta ce wannan sa'a ta la'asar ita kaɗai ce ba ya zancen gonarsa da ruwa ya hau, saboda haka kada in kuskura in tanka.

Na riƙe maganar mako biyu. Ranar da ta kuɓuce mini, a cikin wasa ne. Ruwa ya sauka da safe, muna zaune da kaka a ƙofar ɗakinsa, yana tsokanata cewa ni ne ke cinye hatsin gidan, in zo hutu in kwashe rumbu in koma.

"Ni dai tuwo kawai nika ci," na ce. "Kai kau, tun da kaz zo ka hana mai gida shayinsa. Wata biyu da rabi ko kurɓi ɗaya bai yi ba."

Dariya nake yi lokacin da na faɗa. Shi bai yi ba.

"Ba ya sha cikin gida?"

Na kau da kai ina duban tsakar gida.

"Da kai nike. Ba ya sha cikin gida?"

"Malam ba ya shan shayi shi kaɗai, Kaka."

Ya dubi ruwan da ke gangarowa daga indararo, ya daɗe yana kallonsa. Sa'an nan ya ce in miƙo masa butar alwala, ko da yake azahar da saura.

Da la'asar buzunsa yana shimfiɗe, amma bai zo ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita, ya je ya zauna a gindin wata tsamiya kusa da sabuwar hanyar ruwa da ake haƙawa a bayan gari, yana kallon katafila. Bai dawo ba sai da aka kira magariba. Nufinsa a fili yake: ya bar wa Malam zaurensa ya sha shayinsa. Amma da aka rufe littafi, mahaifina ya dubi buzun, ya dubi kurfoti, ya shafa fatiha ya sallami kowa. Bai hura wuta ba. A ganinsa, idan ya sha a ranar, to ya kori surukinsa daga zaure saboda finjali ɗaya ke nan. Kwana huɗu aka yi haka, ɗaya yana gindin tsamiya cikin sanyin damina da tarinsa, ɗaya yana zaure da buta a kife.

A rana ta biyar kaka ya kira mahaifina ya gode masa godiya mai yawa, ya sa masa albarka, ya ce Talata mai zuwa ta sama zai bi motar kasuwa ya koma wurin mutanensa a sabon gari. Akwai ɗan wansa can da zai ba shi ɗaki. Ya ce ya yi kewar tsofaffin ƙauyensu ne kawai. Mahaifina, kansa a ƙasa, ya roƙe shi ya bari ko kaka ta yi, a yi girbi. Kaka ya ce ya riga ya yanke.

Mahaifiyata ta taɓa zuwa sabon garin, ta san abin da ke can. Ruwan sha yana da nisa, ƙasar ba ta karɓar hauya, ɗan wan nasa kuma yana fama da nasa iyalin a ɗaki biyu. Babu mai dama masa fura da safe, babu mai dafa masa ruwan zafi idan tari ya tashi. Ba ta iya roƙon mahaifinta ya zauna ba, domin ya rufe ƙofar magana. Ba ta kuma iya cewa mijinta ya sha shayi a gaban mahaifinta ba. Babu 'yar da za ta iya furta wannan. Ni ta kira bayan gida, wurin turken awaki.

"Kai ka hwaɗa masa."

"Ni ne, Inna. Cikin wasa na..."

"Na sani cikin wasa. In ya tahi can, damina wagga ba ta ƙarewa yana da rai. Shi ke nan abin da nika so ka sani."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta sake tayar da zancen ba. Na je wurin kaka na durƙusa na ba shi haƙuri, na ce ƙarya na yi, Malam yana sha. Ya ce mini wanda zai yi ƙarya ya fara koyon riƙe idonsa, kuma ban yi laifin komai ba, gaskiya na faɗa masa wadda manya suka ɓoye. Ya ce shi bai taɓa zama gidan mutum ya hana shi abin bakinsa ba, ba zai fara da tsufa ba.

Akwai wani aminin mahaifina, malami ne daga Bakura, tare suka yi karatu tun suna samari. Duk ranar Talata yakan zo cin kasuwa ya yini a zaurenmu. Dogo ne mai ƙarar murya, kuma shi kaɗai ne na san yana iya tsokanar mahaifina. Ya zo a Talatar da ta rage mako guda, ya tarar babu wuta a kurfoti. Ina gefe ina jera littattafai ya tambayi dalili, mahaifina ya gaya masa a taƙaice.

"To, Malam, ɗauko mani littahin."

"Wane littahi?"

"Wanda anka rubuta cewa shan shayi gaban suruki haramun na. Ni dai tare munka yi karatu, ban ga babin ba. Ko ranar ina zazzaɓi?"

"Ka san ba haramun ba ne."

"Makaruhi?"

"Kunya ce. Mutum ya ba ni ɗiyarsa, in buɗe baki gabansa ina haɗiya?"

"To ka sha cikin ɗaki, ka rufe ƙofa."

"Ba haka na gada ba."

"Ikon Allah! Gabansa kunya, bayansa gado. Kai dai ka ɗaure kanka da igiya biyu, kuma duk kai ka tuƙa su. Tsoho za ya tahi ya mutu bisa tsakuwa, kai kana nan da kunyarka da gadonka, kowace ka aje ta gehe guda tana yi maka hihita. Ni ko zan koma shan na tasha, da burodi, a tsaye, kowa ya gani."

Mahaifina bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce abin da malamin bai gane ba shi ne, idan ya sha, ba kansa kaɗai zai kunyata ba, har da tsohon, domin shi ne zai zauna yana kallo. Malamin Bakura ya ce wannan gaskiya ne, amma mai rai ne ke jin kunya. Daga nan suka koma zancen farashin dawa.

Makon nan ya yi mini tsawo. Kaka ya ci gaba da fita da la'asar. Mahaifiyata ta wanke masa tufafinsa, ta daka masa gari, ta ƙulla masa kuka da daddawa a tsumma.

Ranar Talata da hantsi kayansa suna ɗaure a ƙofar zaure: tabarma, da buhun tufafi, da hauyarsa, da wani ɗan gora da ya cika da irin dawar tsohuwar gonarsa. Malamin Bakura ya iso da wuri, ya wuce tasha ya kama masa wuri a gaban mota. Kaka ya shiga cikin gida ya yi sallama da 'yarsa, ya fito yana gyara hula. A nan ya tarar da mahaifina zaune a zaure, da rawaninsa, kurfoti a gabansa, gawayi ya riga ya kama. Ban taɓa ganin an hura wutar shayi da hantsi a gidanmu ba.

"Baba, a ɗan zauna kahin mota ta cika."

Kaka ya tsaya jim kaɗan, sa'an nan ya zauna a kan buzu. Mahaifina ya yi mini nuni in zauna ni ma. Mu uku ne kawai. Buta ta tafasa, ya jefa sukari, ya zuba ya mayar sau da yawa, fiye da yadda ya saba, har na ga kamar jinkiri yake nema. Daga bisani ya tsiyaya kaɗan a finjali, ya riƙe. Ya juya fuskarsa wajen bango, ya sa hannun hagu ya sauke amawalin da ya rufe masa baki, ya yi bisimilla a hankali, ya kurɓa sau uku.

Kaka ya sunkuyar da kai yana duban ƙafafunsa. Ni ma ƙasa na duba. Mun ji haɗiyarsa duka uku, domin zauren ya yi tsit.

Mahaifina ya ajiye finjalin, ya ƙara ɗan gutsuren sukari, ya zuba ya mayar, ya cika finjalai uku. Ya miƙa wa kaka da hannu biyu, ya ba ni, ya ɗauki nasa. Gumi ya jiƙa masa goshi. Na kurɓa, sai ga shayin gidanmu ya dawo yadda na san shi, ɗacinsa daidai, zaƙinsa daidai.

Muna cikin na biyu malamin Bakura ya shigo da sauri, yana cewa mota ta cika, direba yana ta faɗa, a fito da kaya. Ya yi turus a bakin ƙofa da ya ga finjali a hannun amininsa, amawali a sauke, surukinsa a gefe. Na jira tsokana, ba ta zo ba. Ya tuɓe takalmansa ya zauna a ƙasa.

Kaka ya shanye abin da ya rage a finjalinsa, ya ajiye shi a kan faranti a hankali. Bai dubi mahaifina ba. Ni ya duba.

"Ɗan boko, ruga tasha ka ce ma direba ya ba wani wurin. In ka dawo ka kwance kayan ga. Ka yi hankali da goran iri, na san hannunka."

Na tashi. Ya bi ni har waje kamar zai nuna mini ɗaurin kayan, ya rage murya.

"Shekara ashirin mutumen ga bai taɓa ko tauna goro gabana ba. Yau ya zubar da wanga duka saboda ni. In na tahi, a banza ya zubar."

Da na dawo daga tasha na shiga cikin gida da buhun tufafinsa. Mahaifiyata tana tsaye a bayan zanar da ta raba zaure da tsakar gida, inda na tabbata ta ji komai. Ta karɓi buhun, ta kwance ƙullin kuka da daddawa ta mayar cikin tukunya, ta ce in tambayi Baba ko a dama masa fura yanzu ko sai azahar.

Daga ranar aka sake tsarin zama a zaurenmu. Kaka da kansa ya ja buzunsa baya kaɗan, ya daidaita shi da na mahaifina, su biyun suna fuskantar ƙofa, ta yadda babu mai ganin bakin wani. Idan lokacin ɗanɗanawa ya yi, sai kaka ya sami abin dubawa a rufin azara, ko ya tambayi na kusa da shi labarin ruwan sama a Morai ko Ruwan Gizo. Ɗalibai suka dawo ɗaya bayan ɗaya, har da maɗinkin nan. Wasu dattawan unguwa sun yi ta magana, wani ma ya ce zamanin madatsa ya lalata har malamai. Mahaifina ya ji, bai mayar wa kowa ba.

Kaka ya yi damina huɗu a gidanmu bayan wannan. Ya shuka dawarsa a wani ɗan fili a bayan gida, ya koyi bambanta shayi mai kyau da na banza, har ya kai ga yi wa malamin Bakura gorin cewa ba ya iya riƙe finjali. Ina jami'a aka aiko mini da rasuwarsa. Ya cika a ɗakinsa na jikin zaure, da rana, 'yarsa tana riƙe da kansa, mahaifina yana karanta masa kalmar shahada.